Jirgin da Ya Ƙetare da Kakana, da Abin da Littattafai Suka Ce Game da Shi

'Yan'uwana ɗalibai, ina neman afuwarku tun da farko, domin na san wani zai ga kan wannan rubutu ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan Bakano da jirgin teku, mutumin da babban ruwan da ya taɓa gani bai wuce Tiga ba? To, ku yi mini haƙuri kaɗan. Dalilina shi ne kakana na wajen uba, Allah ya ji ƙansa, wanda ya tafi aikin Haji a ƙasa zamanin Sarki Abdullahi Bayero, bai dawo gida ba sai da ya shekara bakwai. Ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya tsaya ya yi ƙwadagon tsinkar auduga a ƙasar Sudan, sa'an nan da ya ga guzurinsa ba zai kai shi ga kuɗin fasfo da na babban jirgi daga Sawakin ba, sai ya bi sahun waɗanda suke zagayawa ta wajen Musawwa su ƙetare Bahar Maliya da dare cikin ɗan jirgin katako.

Muna yara ya sha ba mu labarin wannan jirgi, yana kiransa sambuki. Ya ce babu inji a cikinsa, iska ce kawai take kora shi. Ya ce akwai wata doguwar sanda da ta kai jirgin kansa tsawo, an rataye ta a karkace kamar jigon ban ruwa na 'yan lambu, ƙyalle kuma yana ɗaure a jikinta. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne da ya ce in za su juya, sai jirgin ya ba iska baya, 'yan jirgi su yi ta ihu da waƙa, su miƙar da wannan sanda tsaye cak, su kewaya da ita ɗaya gefen. Mu dai mun ɗauka irin ƙarin gishirin tsofaffi ne. Sai da na zo jami'a na fara tonon laburare, tukuna na gane ashe tsohon nan bayani yake yi mana daidai da na malamai.

Kafin in ci gaba, dole mu daidaita kan kalmomi, don Hausa ba ta girma a bakin teku ba. Waɗansu masu fassara sun ari kalmar filafili don ƙyallen da iska ke bugawa, amma ga mutumin Yawuri filafili shi ne abin da yake tuƙa kwalekwale da shi da hannu. Saboda haka zan bi Larabawa in ce shira'i. Itacen da aka kafa tsaye a tsakiyar jirgi, wanda suke kira daƙal, zan ce masa ginshiƙi, doguwar sandar nan ta kakana kuwa, wadda suke kira farman, zan bar ta a sanda.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, Turawa sun tattara dukan jiragen nan sun lanƙaya musu suna ɗaya, watau dhow, alhali kuwa masu jiragen ba haka suke kiransu ba. Kowane iri da sunansa. Kuma hanyar raɗa sunan ma ta bambanta: Bature yana duban yawan ginshiƙai da yadda aka shirya shira'i ya ba jirgi suna, shi kuwa Balarabe gangar jikin jirgin yake dubawa, don shira'insu kusan iri ɗaya ne. Alal misali, bum na mutanen Kuwait yana da tsini gaba da baya, goshinsa kuwa wani miƙaƙƙen katako ne da ya tasa gaba. Bagala babba ce mai faffaɗan baya da sassaƙa da tagogi. Sambuk yana da lanƙwasasshen goshi da faffaɗan baya, shi ne kuma ya cika Bahar Maliya, tare da ƙanensa zaruk mai tsini biyu da gudun tsiya. A gaɓar Sawahili kuma akwai jahazi. Wanda duk ya ce musu dhow gaba ɗaya, kamar wanda ya dubi doki da jaki da alfadari ne ya ce duk dabbar hawa ce. Bai yi ƙarya ba, amma ba za a tura shi kasuwa sayayya ba.

Mu fara da abin da Musulmi na da suka rubuta. Ibn Jubair, mutumin Andalus, ya ƙetare Bahar Maliya daga Aizab zuwa Jidda a shekarar 1183, ya kuma bar mana bayanin jirgin da ya shiga, wanda ake kira jalba. Ya nuna babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ɗinke katakon aka yi da igiyar ɓawon kwakwa, aka shafe shi da mai, wanda ya fi kyau kuwa shi ne man babban kifin teku. Shira'in kuma saƙa shi aka yi da ganyen itacen muƙul. Da na bincika na tarar muƙul ɗin nan goruba ce, sai na yi dariya ni kaɗai a laburare: ashe da kaba, irin wadda iyayenmu mata suke saƙa tabarma da ita, aka yi ta ƙetare teku da alhazai. Ya yi kwana takwas a kan ruwa, ya kuma yi kuka ƙwarai da kwaɗayin masu jiragen, waɗanda suke cusa mahajjata kan juna don su mai da kuɗin jirginsu a tafiya ɗaya. Ku riƙe wannan magana, za mu sake cin karo da ita.

Sai kuma babban malamin matuƙa, Ahmad ibn Majid, mutumin Julfar a gaɓar Tekun Fasha, wanda ya rubuta Kitabul Fawa'id a wajen shekarar 1490. G. R. Tibbetts ya fassara shi da Ingilishi a 1971. An daɗe ana yaɗa cewa shi ne ya nuna wa Vasco da Gama hanyar Indiya a 1498, amma masu bincike sun yi watsi da wannan magana. Littafin babi goma sha biyu ne, na ƙarshe kuwa kan Bahar Maliya yake. Na shige shi da ɗokin in ga siffar jirgi, sai na tarar taurari ne da lokutan iska da duwatsun ƙarƙashin ruwa suka cika shi. Da farko na ji haushi, daga baya na gane wautata. Ibn Majid matuƙa 'yan'uwansa yake rubuta wa, mutanen da aka haifa a gindin ginshiƙi. Wa zai zauna ya rubuta wa manomi yadda fartanya take? Wannan ne ya sa galibin littattafan da suka tsaya suka ƙirga igiyoyi suka auna katako, baƙi ne suka rubuta su, kuma sun rubuta ne sa'ad da abin ya kama hanyar mutuwa.

Baƙin ma ba duka ne suka zo da son ilmi ba. Cikin Turawan farko da suka zana jiragen nan filla-filla akwai hafsoshin sojan ruwan Ingila masu farautar jiragen bayi a gaɓar Zanzibar. Ɗaya daga cikinsu, Kyaftin G. L. Sulivan, ya buga Dhow Chasing in Zanzibar Waters a 1873. Shi bukatarsa ya gane jirgi tun daga nesa don ya kama shi. Bai kamata kuwa mu kau da kai daga gaskiyar da ke cikin irin wannan littafi ba, domin jiragen da suka yi jigilar dabino da alhazai, su ne dai suka yi jigilar 'yan Adam zuwa kasuwa.

Littafin da na fi so duk cikinsu shi ne Sons of Sinbad na Alan Villiers, wanda ya fito a 1940. Mutumin Ostareliya ne, kuma matuƙi ne tun yana saurayi, ya yi aiki a manyan jiragen iska na Turawa kafin su ƙare. A 1938 ya sauka Adan, ya fara shiga wani ɗan zaruk zuwa Jizan a Bahar Maliya, sa'an nan ya sami gurbi a wani bum na Kuwait mai suna Bayan, wanda nahudansa, watau sarkin jirgin, ake ce masa Najdi. Ya bi su har Mombasa da Zanzibar da bakin kogin Rufiji, suka juyo suka isa Kuwait a 1939. Tafiyar kanta iska ce take tsara ta. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, ita ce take kai su Afirka ta Gabas da lodin dabinon Basra. In Afrilu ya kama sai ta juya, su komo da itacen rufin ɗaki da suka saro a Rufiji. Girman jirgi ma da yawan buhunan dabinon da zai ɗauka ake faɗarsa.

A nan ne na tarar da sandar kakana. Ga yadda abin yake. Ginshiƙin jirgin ba a tsaye sak yake ba, ya ɗan sunkuya gaba, sandar kuwa a gabansa take rataye, kan ƙasa yana wajen goshin jirgi, kan sama ya tashi can bisa wajen baya. Da yake ba a samun itace ɗaya mai wannan tsawo, guda biyu ko uku ake haɗawa a ɗaure. Shira'in daga nesa kamar mai kusurwa uku, amma in ka matso za ka ga an datse kusurwar gaba, watau huɗu ne. To, tun da sandar tana gefe ɗaya na ginshiƙi, in jirgi zai sauya hannu ya karɓi iska ta ɗaya gefen, dole ita ma ta koma can, in ba haka ba iska za ta manna shira'in a jikin ginshiƙi. Jirgin Bature yakan soka goshinsa cikin iska ya juya. Wannan kuwa sai dai ya ba iska baya, a saki igiyar da ke riƙe da gindin shira'i, ƙarti su ja ƙasan sandar zuwa gindin ginshiƙi har ta miƙe tsaye, a kewaya da ita, shira'in yana ta fafatu a gaba, a kwance igiyoyin da ke tokare da ginshiƙi a mai da su gefen da iska ta koma, sa'an nan a kamo gindin shira'in a ɗaure. Duk wannan da ƙarfin damtse ake yi, cikin waƙa da buga ƙafa, jirgin yana tangaɗi. In an yi kuskure sandar tana iya karyewa ko ta share mutum zuwa cikin teku. Da na karanta wannan wuri na rufe littafin na yi shiru, don na tuna yadda muke ƙyaƙyata dariya tsohon yana kwatanta mana da sandar hannunsa.

Akwai wani abu kuma. Bature in hadari ya taso yakan naɗe wani sashe na shira'insa ya rage shi. A waɗannan jiragen ba a yin haka. Sai an sauko da sandar gaba ɗaya, a kwance babban shira'i, a ɗaura ƙarami, a sake jan ta sama da kura da igiya. Don haka kowane jirgi yana tafe da shira'i biyu ko uku masu girma daban-daban, kuma yana bukatar hannaye da yawa. Wannan shi ne sirrin abin, kuma shi ne ajalinsa: jirgi ne da ba ya ci sai inda ƙarfin ɗan Adam yake da araha. Villiers bai ɓoye talaucin 'yan jirgin ba, da yadda bashi yake ɗaure su ga nahuda, shi ma nahudan bashi ya ɗaure shi ga attajiri. Da Kuwait ta fara fitar da man fetur a 1946, sai ƙartin nan suka sami aikin albashi a tudu, wa zai koma jan igiya wata tara a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba? Jiragen da suka rage aka sa musu inji aka rage musu ginshiƙi.

Bayan Villiers sai malamai masu bincike. James Hornell ya buga Water Transport a 1946, George Hourani kuma ya fito da Arab Seafaring a 1951, ɗan ƙaramin littafi mai daɗin karatu wanda har yanzu ba a daina ambatonsa ba. Daga irin waɗannan littattafai ne ra'ayin nan ya bazu cewa faffaɗan baya na bagala da sambuk, da kuma yawaita amfani da ƙusa, sun biyo bayan zuwan mutanen Fotugal ne. Hourani ya kuma tattauna dalilin ɗinke jirgi maimakon kafa masa ƙusa. Mutanen da suna cewa wai akwai wani dutse a teku mai zuƙe ƙarfe daga jikin jirgi, amma wannan tatsuniya ce. Ƙarfe yana da tsada, igiyar kwakwa tana da araha, kuma ɗinkakken jirgi yana da ɗan sassauci in ya gogi dutse ko ya hau yashi.

Inda na ga darasi a kan karatun littafi shi ne maganar asalin wannan karkataccen shira'i. A zamanin Hourani an fi karkata ga cewa daga Tekun Indiya ya fito, Larabawa suka kai shi Bahar Rum, Turawa suka koya daga gare su. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai lokacin da na fara karanta ta, har na riƙa yi wa abokai alfahari da ita a ɗakin kwana. Amma binciken baya ya nuna akwai zane-zanen irin wannan shira'i a Bahar Rum tun zamanin Rumawa, ƙarnuka kafin Musulunci, alhali tsofaffin zane-zanen jiragen Tekun Indiya shira'i mai kusurwa huɗu daidai suke nunawa. Ku dubi yadda sauyin ra'ayi ya fito fili a kan ruwa. A 1980 Tim Severin ya sa aka ɗinka masa jirgi a garin Sur na ƙasar Oman, da igiyar kwakwa mai tsawon wajen mil 400, ya sa masa suna Sohar, ya tashi daga Maskat ya isa Kanton ta ƙasar Sin a 1981, da karkataccen shira'i irin na bum. A 1998 sai masunta suka gano wani ɗinkakken jirgi na ƙarni na tara nutse a kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya, ɗauke da tangaran na Sin wajen 60,000. Aka ƙera irinsa a Oman, aka kira shi Jewel of Muscat, ya tafi Singafo a 2010. Shi wannan shira'i mai kusurwa huɗu aka ɗaura masa. Shekara talatin ke nan tsakani, teku ɗaya, zamanin da ake kwaikwayo ɗaya.

A 1977 an sami littattafai biyu masu hotuna, na Clifford Hawkins da na David Howarth, suna da amfani ga mai son ya ga bambancin bum da bagala da idonsa. Amma wanda ya gyara kuskuren da na ambata tun farko shi ne Dionisius Agius, malamin Larabci, wanda ya bi gaɓar teku yana zama da tsofaffin matuƙa da masassaƙa, yana tambayarsu sunan kowane katako da kowace igiya da bakinsu. Ya buga In the Wake of the Dhow a 2002, da The Life of the Red Sea Dhow a 2019. Ga mu ɗaliban harshe, aikinsa ya fi kusa da namu, don a cikin kalmomin nan ana jin Farisanci da harsunan Indiya da na Fotugal sun cakuɗa da Larabci, kamar dai yadda muke tono Larabci da Azbinanci da Barbarci cikin Hausa. A Kuwait kuma Ya'aƙub al-Hijji, ɗan ƙasa, ya rubuta littafi kan sana'ar sassaƙa jirgi a garinsu, inda masassaƙi yake jera katakon jiki tukuna kafin ya sa haƙarƙari, ba tare da zane a takarda ba, sa'an nan a shafe ƙasan jirgin da farar ƙasa da kitse don tsutsar teku, a shafe samansa da man kifi. Warin man nan ma kakana ya ambata shi, ya ce ya yi wata yana jin sa a jikin bargonsa.

Sai dai ga inda littattafan nan suka bar ni da ƙishi. Sun san sunan kowace igiya, amma mutanen da ke zaune a ƙarƙashin igiyar ba su dame su sosai ba. Villiers ya yi ƙoƙari, ya siffanta fasinjoji fiye da ɗari da aka loda a gaɓar Hadramaut, kowa a kan kayansa, makewayi kuwa wani ɗan akwati ne da aka rataye a gefen jirgi bisa ruwa. Mutanenmu kuwa, waɗanda ake kira Takari a can, sai ka koma wani rukunin littattafai dabam tukuna ka gan su. J. S. Birks ya rubuta Across the Savannas to Mecca a 1978, kan masu tafiya Haji a ƙasa daga Afirka ta Yamma. Jonathan Miran kuma ya buga maƙala a 2015 kan yadda alhazanmu suke satar hanya su ƙetare Bahar Maliya a ɓoye tsakanin shekarun 1920 da na 1950, don guje wa kuɗin takardu da tsarewar likita da Turawan mulki suka ɗora. A nan za ka ga abin da Ibn Jubair ya koka da shi bai sauya ba bayan shekara ɗari bakwai da hamsin: a cusa mutane fiye da kima, a sauke su a bakin gaɓar da babu ruwa babu gari, su ƙarasa da ƙafa. Waɗansu ƙishirwa ta kashe su, waɗansu kuma aka sayar da su, domin ba a haramta bauta a ƙasar Saudiyya ba sai 1962. Waɗannan marubuta sun san alhazan sarai, amma jirgin a wurinsu jirgi ne kawai. Na jera rukunin biyu a kan tebur ɗaya, ina karanta shafi a nan shafi a can, kafin na iya haɗa hoton dare ɗaya na rayuwar mutum ɗaya.

Tsakanin Sawakin da Jidda bai fi kamar kilomita 300 ba, abin da jirgin sama yake shafewa kafin a gama raba wa alhazai shayi. Kakana ya ce su kwana huɗu suka yi, da rana an rufe su da tabarmi kada jirgin sintiri ya hango kawuna, ruwan sha kuwa ɗan moɗa ɗaya safe da yamma. A dare na uku iska ta tsananta, aka sauko da sandar don a sauya shira'i, sai nahudan ya ga hannayensa ba su isa mai da ita sama ba, ya daka wa alhazai tsawa su tashi su kama. Kakana, wanda bai taɓa ganin teku ba sai a makon nan, ya kama igiya tare da wani Babarbare da waɗansu Fulani biyu, suna ja suna salati, 'yan jirgi suna amsawa da tasu waƙar. Ya ce igiyar kwakwar nan ta sale masa tafin hannu, har suka isa Makka bai iya damƙe carbi sosai ba. Yakan buɗe mana hannun ya nuna wurin, mu kuwa ba ma ganin komai sai kantar fartanya.